Yadda za ka auna labarin "ƙasa kaza ta amince da Falasɗinu" kafin ka tura wa jama'a

Duk ranar da labari ya fito wai wata ƙasa ta amince da Falasɗinu, kafin a idar da sallar isha'i guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp a nan Bauchi sun rabu gida biyu. Wasu sai kabbara, Alhamdulillahi an ba su 'yanci, wasu kuma su ce kai rabu da su, yaudarar Turawa ce kawai ba abin da zai canza. Ni kam ina ganin duka ɓangarorin biyu suna gaggawa, kuma abin yana damuna ƙwarai, don magana ce ta mutanen da ake kashewa ana rushe musu gidaje, bai kamata mu da muke cewa muna ƙaunarsu mu riƙa yaɗa abin da ba mu gane ba a kansu. Ga yadda za ka bi labarin nan daki-daki, ko a wayarka ne ko a majalisar mai shayi.

Fara da tambayar wane irin abu ne ya faru

Abubuwa uku ne mutane suke cakuɗawa, kuma rabin gardamar da ake yi daga nan take tasowa.

Akwai amincewar ƙasa guda ita kaɗai. Gwamnatin wata ƙasa ta fito ta ce daga yau muna ɗaukar Falasɗinu a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta. Wannan hurumin kowace gwamnati ne, ba ta neman izinin kowa, ba kuma wanda zai hau kujerar na-ƙi ya hana ta. Akwai kuma ƙuri'ar babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ƙasashe 193 kowacce take da ƙuri'a ɗaya, Amurka ɗaya Nijar ɗaya. Wannan tana nuna inda duniya ta karkata, tana iya ƙara wa Falasɗinu matsayi a cikin zauren, amma ba ta tilasta wa kowa komai. Sai na ukun, zama cikakkiyar mamba a Majalisar, kuma nan ne gizo yake saƙa.

Mu 'yan Bauchi ya kamata mu fi kowa gane wannan na ukun, don ɗan garinmu ne ya shigar da Najeriya. Ranar 7 ga Oktoba 1960, mako ɗaya da samun 'yanci, Najeriya ta zama mamba ta 99, Sir Abubakar Tafawa Balewa ya tsaya a zauren ya yi jawabi. Hanyar da aka bi a lokacin kusan ita ce har yau, ga yadda take yanzu: sai Kwamitin Sulhu mai mambobi 15 ya fara yarda da ƙuri'a 9 aƙalla, kuma kada ko ɗaya daga cikin manyan nan biyar, wato Amurka da Rasha da Chaina da Birtaniya da Faransa, ya ce na ƙi. Daga nan ne za a kai babban zaure a nemi kashi biyu cikin uku. Falasɗinu tana da kashi biyu cikin ukun nan tuntuni, har da rara. A ƙofar farko take maƙale. Ranar 18 ga Afrilu 2024 Aljeriya ta kai buƙatar gaban Kwamitin, ƙasashe 12 suka ce e, Birtaniya da Suwizalan suka ƙaurace, Amurka ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu a nan.

To idan ka ga saƙo wai "Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Falasɗinu a matsayin mamba", tambaya ɗaya za ka yi: Kwamitin Sulhu ya zauna? Amurka ta bari ya wuce? In amsar a'a ce, abin da aka yi ƙuri'ar babban zaure ce. Irin wannan ya faru ranar 10 ga Mayu 2024, ƙasashe 143 suka goyi baya, 9 suka ƙi, 25 suka ƙaurace, aka ƙara wa Falasɗinawa wasu haƙƙoƙi kamar zama a jere cikin sauran ƙasashe da gabatar da ƙudiri da kansu, amma har yanzu ba su da ikon kaɗa ƙuri'a. Matsayinsu tun ranar 29 ga Nuwamba 2012 shi ne ƙasa 'yar kallo wadda ba mamba ba, irin na fadar Fafaroma, ranar an samu 138 da 9, sai 41 da suka ƙaurace.

Duba kwanan wata, ɗan'uwa

Wannan shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Tsohon labari yakan dawo yawo kamar yau aka yi shi. Amincewar nan ba a rana ɗaya ta zo ba, zuwa take yi rukuni-rukuni. Na farko kuma mafi girma a 1988 ne, bayan Yasir Arafat ya ayyana ƙasar Falasɗinu a birnin Aljiyas ranar 15 ga Nuwamba, ƙasashen Larabawa da na Afirka da Asiya da Tarayyar Sobiyet da Chaina suka bi. Sai ƙasashen Kudancin Amurka irin su Barazil da Ajantina a 2010 da 2011. Suwidin a 2014. Sifaniya da Ireland da Norway ranar 28 ga Mayu 2024, Sulobeniya da Armeniya suka biyo a watan Yuni. Sai wanda ya fi yin amo, ranar 21 ga Satumba 2025 Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Fotugal, washegari Faransa da wasu ƙananan ƙasashen Turai irin su Malta da Luzambag da Monako.

Najeriya tana cikin 'yan farko, tun Nuwamban 1988 zamanin Babangida, kuma akwai ofishin jakadancin Falasɗinu a Abuja. Saboda haka duk wanda ya turo maka wai ka sa hannu a matsa wa gwamnati ta amince da Falasɗinu, ka gaya masa an yi wannan tun kafin a haifi da yawa daga cikin 'yan guruf ɗin. Haka kuma irin saƙon nan mai ɗauke da adireshin intanet wai ka danna ka zaɓi Falasɗinu, Isra'ila ta yi mana nisa, ka tura wa mutum ashirin, don Allah kar ka danna. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ƙirga ƙuri'ar waya, jakadu ne suke kaɗawa a cikin zaure, wasu daga cikin irin waɗannan saƙonni ma tarko ne na satar lambar mutane da bayanansu.

Sannan ka lura waye ya yi maganar. 'Yan majalisa daban, gwamnati daban. A Oktoban 2014 majalisar dokokin Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a 274 da 12 cewa a amince da Falasɗinu, ta Faransa ma ta yi irin haka a Disamban shekarar, amma gwamnatocin ba su motsa ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Akwai kuma bambanci tsakanin za mu yi da mun yi, shugaban Faransa Macron ya sanar a watan Yulin 2025 amma bai aiwatar ba sai Satumba a New York.

Karanta sharuɗɗan da ke ƙasan takardar

Nan ne nake so mu ɗan daɗe, don nan ne gaskiya mai ɗaci take.

Ba kowace amincewa ce take zuwa haka kawai ba. Beljiyom ta sanar da tata a Satumban 2025 amma ta ce ba za ta zama doka ba sai an sako duk waɗanda aka yi garkuwa da su a Gaza kuma an cire Hamas daga mulki. Faransa ta amince amma ta jingina buɗe ofishin jakadanci da sakin waɗanda ake tsare da su a Gaza a lokacin. Kanada ta ɗora tata a kan alkawarin Hukumar Falasɗinawa, wato gwamnatin da Mahmud Abbas yake jagoranta daga birnin Ramallah, na yin gyara da gudanar da zaɓe ba tare da Hamas ba, da kuma ƙasa wadda ba ta da sojoji masu makamai. To ka ga idan ka ji labari, ka nemi jin ko akwai "amma" a ciki, kusan kullum akwai.

Abu na biyu, ka tambayi wace Falasɗinu ce ake amincewa da ita. Da yawa daga cikinmu idan muka ji sunan, taswirar da take zuwa mana a rai ita ce ta daga kogin Jodan har bakin teku gaba ɗaya. Abin da ƙasashen nan suke nufi ba shi ba ne. Suna nufin iyakokin da ake da su kafin yaƙin 1967, wato Gaɓar Yamma da Kogin Jodan da Zirin Gaza da Gabashin Birnin Ƙudus, abin da bai wuce kashi 22 cikin ɗari na ƙasar da Birtaniya ta mulka kafin 1948 ba, a zauna kafaɗa da kafaɗa da Isra'ila. Wannan shi ake kira tsarin ƙasashe biyu. Shi ne matsayin gwamnatin Najeriya, shi mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya maimaita a zauren Majalisar, shi ne tayin da Saudiyya ta kawo ƙasashen Larabawa suka amince da shi a Beirut a 2002, shi ne kuma ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO da kanta ta karɓa. Kana iya ganin an kwari Falasɗinawa a wannan rabo, ni ma ina ganin haka, mutanen da aka kora sama da 700,000 daga garuruwansu a 1948 jikokinsu har yau suna sansanoni a Labanon da Jodan da Siriya. Amma ka san abin da kake murna a kai, kar ka gaya wa mutane an mayar musu da ƙasarsu duka alhali ba haka takardar ta ce ba.

Lissafin ƙasashen kuma, adadin da aka fi ambata bayan Satumban 2025 shi ne 157 cikin 193. In ka ga wata jarida ta kawo ƙasa da haka kaɗan kar ka ce ƙarya take, dalilin shi ne wasu ƙasashen gabashin Turai sun amince ne a 1988 zamanin kwaminisanci, gwamnatocinsu na yanzu kuma suna ja da baya, Jamhuriyar Cek misali. Akwai ma wani abin da zai nuna maka amincewa ba ita ce goyon baya na har abada ba: Ajantina ta amince tun 2010, amma a ƙuri'ar Mayun 2024 tana cikin taran da suka ce a'a, don an canza gwamnati. Waɗanda suka rage ba su amince ba sun haɗa da Amurka da Jamus da Italiya da Japan da Koriya ta Kudu, a Afirka kuma ƙasa biyu ce kawai, Eritiriya da maƙwabciyarmu Kamaru.

Yadda za ka tabbatar da kanka

Ba sai kana da digiri daga ATBU ba. Duk ƙuri'ar da aka kaɗa a babban zaure ana haska ta a wani ƙaton allo, kuma hoton allon ne yake yawo a Facebook da X. Kore na nufin e, ja na nufin a'a, ɗorawa na nufin an ƙaurace, wadda ba komai a gaban sunanta ba ta yi zaɓen ba. Sunayen a jere suke bisa haruffan Turanci, sai ka buɗa hoton da yatsu biyu ka gangara wajen N, za ka ga Najeriya nan take ƙasan Nijar. A jikin allon akwai kwanan wata da taken ƙudirin, su za ka fara karantawa kafin ka kalli launi, don sau da yawa mutum zai ɗauko allon wata ƙuri'a ta daban, ta tsagaita wuta ko ta wani batu can, ya liƙa masa labarin da ya ga dama. Takardun babban zaure lambarsu da A take farawa, na Kwamitin Sulhu da S, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka a wane ɗaki aka yi maganar.

In kuma amincewar ƙasa guda ce, shugaban ƙasar ko firaminista ko ma'aikatar harkokin wajensu ne za su sanar a shafinsu. Ka jira labaran yamma na sashen Hausa na BBC ko DW ko RFI ko TRT, in har gaskiya ne babba ne ba za su tsallake shi ba. Awa biyu na haƙuri ba zai rage wa Falasɗinawa komai ba.

Bi sawun abin da ya biyo baya

Hanyar da za ka gane ko amincewa tana da nauyi ita ce ka kalli yadda ɗaya ɓangaren ya ji zafinta, da kuma abin da mai amincewar ya yi bayan jawabi.

Da abin banza ne da Isra'ila ba ta tayar da jijiyar wuya haka ba. Da Sifaniya da Ireland da Norway suka sanar, nan take ta janye jakadunta daga ƙasashen uku. A Agustan 2024 ta soke matsayin jami'an diflomasiyyar Norway takwas da suke hulɗa da Hukumar Falasɗinawa, a Disamba ta ce za ta rufe ofishin jakadancinta na Dublin, babban birnin Ireland. Majalisar dokokinta ta kaɗa ƙuri'a 68 da 9 a Yulin 2024 cewa ba ta yarda da kafa ƙasar Falasɗinu ba. A Agustan 2025 ta amince da gina matsugunan 'yan kama-wuri-zauna a yankin da ake kira E1 gabas da Ƙudus, wanda in aka gina shi kusan zai raba Gaɓar Yamma gida biyu, ministan kuɗinsu Smotrich bai ɓoye ba cewa manufar ita ce binne maganar ƙasar Falasɗinu. Amurka kuma ta hana Mahmud Abbas da tawagarsa biza, dole ta bidiyo ya yi wa babban zauren jawabi a Satumban 2025. Tun 2011 ma da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar, ta karɓi Falasɗinu a matsayin mamba Amurka ta yanke kuɗin da take ba hukumar, don tana da dokokin da suka tilasta hakan.

Ta ɓangaren masu amincewar kuma tambayoyinka su zama na aiki. An ɗaga ofishin Falasɗinawa ya zama cikakken ofishin jakadanci? An daina sayar wa Isra'ila makamai ko ana ci gaba? An hana shigo da kayan da ake nomawa a matsugunan mamaya? Yaya suke kaɗa ƙuri'a idan an zo zaure? Sifaniya ta kafa dokar hana cinikin makamai da Isra'ila a 2025, Sulobeniya ma ta yi. Birtaniya kuwa a Satumban 2024 lasisi kusan 30 kawai ta dakatar cikin kusan 350. Wannan bambancin shi zai nuna maka wanda ya yi da gaske da wanda ya yi don ya kwantar da hankalin masu zanga-zanga a titunan ƙasarsa.

Ga mai cewa duk aikin banza ne, ka ba shi wannan silsilar. Matsayin da aka samu a 2012 shi ya buɗe wa Falasɗinu ƙofar shiga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya a 2015, shigar nan ce ta ba kotun hurumi a kan abin da ake aikatawa a Gaza da Gaɓar Yamma, a kan haka ne ta fitar da sammacin kama Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Gallant ranar 21 ga Nuwamba 2024, tare da wani kwamandan Hamas. Shekara goma sha biyu tsakanin ƙuri'a da sammaci. A hankali abin yake aiki, amma yana aiki.

Ga mai cewa an gama kuma, ka nuna masa yadda rayuwa take a can. Mutumin Ramallah da kuɗin Isra'ila shekel yake sayen burodi. Harajin kayan da ake shigo wa Falasɗinawa da su Isra'ila ce take karɓa a madadinsu bisa yarjejeniyar 1994, ran da ta ga dama ta riƙe kuɗin sai albashin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ya tsaya. Ba su da filin jirgin sama, wanda aka buɗe a Gaza a 1998 an ragargaza shi cikin 'yan shekaru. In zai fita waje sai ya bi ta gadar da ta haɗa su da Jodan, ita ma jami'an Isra'ila ne suke tsaye a bakinta. Kusan kashi 60 cikin ɗari na Gaɓar Yamma yana hannun Isra'ila kai tsaye. Abin kamar mai fili ne a Fadaman Mada da duk unguwa ta shaida nasa ne, mai unguwa ya sa hannu, takarda ta fito da sunansa, amma wani mai ƙarfi ya zagaye filin da katanga ya ajiye maigadi. Shaidar jama'a da takardar suna da amfani ranar shari'a, suna hana a ce filin ba na kowa ba ne, amma ba su ne za su buɗe ƙofar ba.

San hujjar waɗanda suka ƙi

In za ka yi muhawara da mai ilimi, zagi ba zai fisshe ka ba, sai ka san abin da yake faɗa. Amurka tana cewa ƙasar Falasɗinu sai ta hanyar tattaunawa kai tsaye da Isra'ila za ta samu. Jamus da Italiya suna cewa amincewa a ƙarshen tafiya ya kamata ta zo ba a farko ba. Isra'ila tana cewa tukwici ne ga Hamas bayan harin 7 ga Oktoba 2023 da aka kashe mutum kusan 1,200 aka kama kusan 250. Masana doka kuma sukan kawo yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 da ta ce ƙasa sai tana da jama'a, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon hulɗa da wasu ƙasashe, su ce ina gwamnati ɗaya mai iko a nan.

Wannan ta ƙarshen tana da ƙamshin gaskiya kuma kar ka musa ta. A 2007 Hamas ta karɓe Gaza, Ramallah ta zauna a hannun Fatah, jam'iyyar Abbas, Abbas tun 2005 aka zaɓe shi ba a sake zaɓen shugaba ba. Rabuwar kan nan ta cuci Falasɗinawa, su kansu suna faɗa. Amma amsar ita ce, wanda ya hana ka iko da iyakarka da harajinka ba shi zai juyo ya ce ba ka cika ƙasa ba don ba ka da iko. Maganar tattaunawa kuma an gwada ta, yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da PLO wucin gadi ce ta shekara biyar, ga shi an haura talatin, zama na ƙarshe mai ma'ana ya watse a 2014, a tsakanin nan 'yan kama-wuri-zauna sun ninka fiye da sau biyu, yau sun haura 700,000 in aka haɗa da Gabashin Ƙudus. Kotun Duniya da ke Hague ta faɗa ranar 19 ga Yuli 2024 cewa zaman Isra'ila a yankunan nan haramtacce ne kuma dole ya ƙare. Batun tukwici ga Hamas kuwa, sanarwar New York da Saudiyya da Faransa suka jagoranta, wadda ƙasashe 142 suka mara wa baya a Satumban 2025, ita da kanta ta yi tir da harin ta kuma ce Hamas ta miƙa makamanta ga Hukumar Falasɗinawa.

Mu 'yan Afirka muna da namu tarihin a kan wannan. Gini Bisau ta ayyana 'yancinta a 1973 sojojin Fotugal suna nan a ƙasar, ƙasashe da dama suka amince da ita, a 1974 Fotugal ta sallama. Janar Murtala ya amince da gwamnatin MPLA a Angola a ƙarshen 1975 duk da Amurka ba ta so ba, kuma matsayin nan na Najeriya ya ja wasu ƙasashen Afirka. Ba a jira mai mamaya ya ba da izini ba a lokacin.

Yadda za ka yi maganar a garinmu

Bauchi gari ne na Musulmi da Kirista, a kasuwar Wunti da Muda Lawal tare muke ciniki, a Yelwa tare 'ya'yanmu suke karatu, kuma mun san abin da rikicin addini ya taɓa jawo mana a jihar nan. Don girman Allah kar ka mayar da wannan batu faɗan Musulmi da Kirista. Masallacin Ƙudus yana da girma a zuciyar kowane Musulmi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma akwai Falasɗinawa Kiristoci, Baitalami inda aka haifi Annabi Isa tana cikin Gaɓar Yamma, maƙwabcinka da ya je ziyarar ibada can ya wuce ta shingen sojoji ya ga katangar da idonsa, tambaye shi ma ka ji. Fadar Fafaroma ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Falasɗinu tun 2015. Ireland da Sifaniya ba ƙasashen Musulmi ba ne, Afirka ta Kudu da ta kai Isra'ila Kotun Duniya a Disamban 2023 ma haka. A ɗaya hannun kuma akwai ƙasashen Larabawa da suka ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020, Daular Larabawa da Baharain da Maroko, ba tare da an samu ƙasar Falasɗinu ba. Haka nan ka bambanta gwamnatin Isra'ila da Yahudawa gaba ɗaya, akwai Yahudawa da yawa a Amurka da Turai har da cikin Isra'ila da suke fitowa zanga-zangar adawa da mamayar.

In kana so muryarka ta kai wani wuri, gwamnatinmu ce a kusa da kai. Taron ƙasashen Larabawa da na Musulmi da aka yi a Riyad a Nuwamban 2023 ya kafa kwamitin ministoci don yawon neman goyon baya, Najeriya tana ciki, ministan harkokin wajen da Tinubu ya naɗa a shekarar kuma Yusuf Tuggar ne, mutumin Gamawa. Tunda maganar amincewa mun gama ta tuntuni, abin da za ka tambayi sanatanka ko ɗan majalisar tarayyarka shi ne yadda Najeriya take kaɗa ƙuri'a a New York, da wane taimakon jin ƙai ta kai Gaza, da ko tana yi wa Kamaru magana a matsayinta na maƙwabciya.

In kuma ka tantance labarin ka ga gaskiya ne za ka tura, kar ka tura shi haka tsirara da "a yaɗa don Allah". Ƙara layi biyu da hannunka: sunan ƙasar, ranar da abin ya faru, gwamnati ce ta yi ko 'yan majalisa, amincewa ce ko ƙuri'ar zaure, da sharaɗin da ke ciki in akwai. Misali ka rubuta, Faransa ta amince da ƙasar Falasɗinu ranar 22 ga Satumba 2025, ta bakin shugabanta Macron, amma wannan bai mayar da Falasɗinu mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya ba, cikin manyan ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi huɗu sun amince, saura Amurka.